Yadda Lambar Mushe Obadiya Ta Zaga Duniya

A garin Diffa, in ka ce kana neman wanda zai rubuta maka koke, ko ya cika maka fom, ko ya tsara maka wasiƙar neman aiki da Faransancin da zai sa darekta ya gyara zama, kowa gindin dogonyaron da ke kusa da tashar Maine zai nuna maka, ya ce ka tambayi Mushe Obadiya, wato Malam Obadiya a bakin masu Faransanci. Nan yake tun hantsi, da teburinsa mai ƙafa uku da bulo ɗaya, da tafiretarsa da ta girmi yawancin masu zuwa wurinsa, da alƙalamin bik uku a aljihun gaba. Shuɗi na aiki ne, ja na gyara kuskuren mutane, baƙi kuma ba ya fitowa sai za a sa hannu.

Obadiya Nomau ba ɗan Diffa ba ne. A wani ƙauye kusa da Maradi aka haife shi, ubansa kuku ne a gidan ƴan mishan. Yana saurayi aka turo shi nan ya riƙa buga takardu a wani ofishin gwamnati, aka ce masa shekara biyu kawai zai yi a maida shi gida. Ya zo da akwatin ƙarfe, da Littafi Mai Tsarki, da gargaɗin uwarsa cewa kada ya ci abin da bai san sunansa ba. Shekara biyun nan har yau ba ta cika ba. Ya auri Priscille, ɗiyar wani malamin lakwal, wato makarantar boko, suka haifi ƴaƴa huɗu, ya koyi Barbarci daidai na cinikin kifi da na gane in ana zaginsa. Da ya aje aiki bai iya zaman gida ba, Priscille ma ba ta iya zama da shi ba, shi ya sa ya sayi tsohuwar tafireta ya kafa tebur.

Aƙidarsa a wannan sana'a guda ɗaya ce: takarda ba ta son gurbi. In fom ya tambayi abu, to sai an ba shi. Da rikici ya koro mutane daga ƙetaren kogin Komadugu, suka cika gari da gefen hanya ba takarda ba komai, shi ya zauna yana cika musu fom ɗin masu raba agaji. Tsohuwa ta ce ba ta san shekarunta ba, ya dube ta sama da ƙasa ya yanka mata sittin da biyu. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba ya ba shi ɗaya ga Janairu. Ana cewa rabin mutanen da suka zauna sansanin Yebi rana ɗaya aka haife su, kuma Obadiya ne ungozoma. Bai taɓa karɓar ko dala daga waɗannan ba, wannan kowa ya shaide shi.

Aibinsa kuwa, in aibi ne, son ganin sunansa a rubuce. Kowace takarda ya buga, ko ta neman izinin gina makewayi ce, a can ƙasa sai ka ga ƙananan haruffa: Obadiya Nomau ne ya buga. Ya taɓa rubuta wa gidan rediyo wasiƙa sau bakwai don kawai a karanta sunansa cikin masu gaisuwa.

A ƙarshen shekarar 2017 aka ɗage dokar da ta hana cinikin tattasai, wadda aka kafa don an ce ƴan bindigar daji na cin haraji a kansa. Kwarin Komadugu ya sake yin ja. A Shetimari, nesa kaɗan da Diffa, akwai wata ƙungiyar mata masu shanya tattasai su niƙa shi su ƙulla a leda, shugabarsu Hajja Yakaka, doguwar mace mai ƙarancin magana wadda ta tsallako kogi daga Damasak da ƴaƴa uku shekarun baya. Obadiya ne ke yi musu duk wata takarda, har suna kiransa sakatarensu, shi kuma bai taɓa musantawa ba. Wani puroje, irin shirin tallafin nan na ƙungiyoyin waje, ya ba su injin niƙa, sannan ya ce sai sun buɗe shafi a intanet, don masu saye na Yamai da na ƙasashen Turawa su gan su. Matan ba su san abin da ake nufi ba, amma sun san wanda ya ba ka inji in ya ce ka yi rawa, ka ɗan taka.

Hajja Yakaka ta shigo gari, suka tafi tare da Obadiya wurin Ummusalma. Ita ce mai siber ɗin da ke bayan kasuwa, inda ake biya a zauna gaban kwamfuta. A Maiduguri ta yi karatun aikin, da zama ya gagara ta dawo wurin dangin uwarta ta buɗe shago da kwamfuta huɗu da janareto mai tari. Mace ce mai kusan arba'in, ba ta da haƙuri da wauta, amma tana ganin girman Obadiya, Tonton take kiransa, wato kawu. Hajja ta zauna minti goma tana kallon allon, ta ga ba abin da ke fitowa sai rubutu, ta ce musu su yi abin da ya dace, ita za ta je duba wata ƴar'uwarta a asibiti.

Ummusalma ta yi wa Obadiya bayani a taƙaice. Shafi sai da suna, sunan kuma kamar rumfa ce a kasuwa, ba saye ake ba, haya ake yi shekara-shekara daga wani kamfani. Kamfanin ba ya ba da rumfa sai ya rubuta wanda ya karɓa: sunansa, lambar wayarsa, adireshinsa, da akwatin saƙonsa na intanet. Suka zaɓi suna, tattasain Komadugu, a haɗe, da ɗigo da kom a ƙarshe. Da fom ya bayyana a allo, Obadiya ya ja kujera ya gyara tabarau, don ya ga abin da ya sani.

Kafin ya fara ta tsayar da shi. Ta ce duk abin da aka rubuta nan yana shiga wata rajista da masu aikin ke kira "Wane ne?", kuma rajistar a buɗe take, kowa a duniya yana iya buga sunan shafi ya ga mai shi. Amma akwai wani ɗan akwati a ƙasa, in an taɓa shi an ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kamfanin zai rufe bayanan ya sa nasa a madadi.

Obadiya ya cire tabarau ya dube ta.

"Kowa a duniya kika ce?"

"Kowa, Tonton. Shi ya sa nake cewa a rufe."

"Ɗiyata, shekara talatin ina buga sunayen mutane suna tafiya Yamai, nawa ba wanda ya san shi gaba da Maine. Yau an ce duniya za ta gani, ke kuma ki ce a rufe? Ɓarawo ne ke ɓoye suna."

Ta sake gwadawa, ya ce mata ita yarinya ce, takarda ta fi ta shekaru. Ta ɗaga kafaɗa ta ba shi wuri. Ya cika komai da yatsa biyu, yana dukan madannai kamar tafireta har tana runtse ido. A gurbin adireshi bai tsaya ga unguwa ba, ya rubuta bayan coci, ƙofa shuɗiya, kusa da mai gyaran keke. Sai fom ya nemi mutum na biyu, wanda za a tuntuɓa kan harkar gudanarwa. Ummusalma ta ce yana iya maimaita nasa. Ya ce a'a, ƙungiya tana da shugaba, ba a tsallake shugaba. Ya buga cikakken sunan Hajja Yakaka da na ubanta, da lambarta da ya haddace, da gida na uku bayan injin niƙa, Shetimari. Ummusalma ta tambaye shi ko ba za a jira ta dawo a tambaye ta ba. Ya ce shekara uku yana rubuta sunan matar nan, bai taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Kwana uku bayan haka wayarsa ta fara. Yana tsakiyar buga wa wani direba takardar ɓatan lasisi, sai ga lamba doguwa da bai taɓa ganin irinta ba. Wata murya ta kira sunansa cikakke, ta shiga Turanci kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Turancin Obadiya na bakin iyaka ne, na gaisuwa da tambayar farashi, amma ya miƙe tsaye, ya riƙa cewa yes, yes, yana kallon masu jiran layi don ya tabbata sun gani. Da ya kai lambar wurin Ummusalma ta ce daga Indiya ce, masu tallan gyara shafi ne, suna kwashe lambobi daga rajistar su yi ta kira. Abin da ya ji daga maganarta shi ne Indiya. Kafin azahar duk tashar Maine ta san cewa an san Mushe Obadiya a Indiya.

Kira ya riƙa zuwa sau biyar, sau takwas a yini. Ran Lahadi yana coci, fasto na tsakiyar karatu, wayar ta ɗauki kiɗa a aljihunsa. Ya fito da ita ya duba, maimakon ya kashe sai ya raɗa wa na kusa da shi, da muryar da ta kai sahun baya, cewa daga waje ne. Fasto ya ɗago kai ya ce shi ma saƙon da yake karantawa daga waje ya zo, kuma ya riga wancan isowa. Mutane suka yi dariya, Priscille ta sunkuyar da kai ta ja ɗankwali.

Ita Priscille nata rabon ya zo ran wata Alhamis da rana. Obadiya ya tashi wanke hannu, wayar ta yi ƙara kusa da kwanon tuwo, ta ɗauka. Wata mace mai murya kamar an shafa mata man shanu ta ce sunanta Jenifa, tana neman Mista Obadiya. Iyakar abin da Priscille ta gane ke nan, kuma ya ishe ta. Da ya dawo ta tambaye shi wace ce Jenifa. Ya ce bai sani ba, wataƙila ta Indiya ce. Ta ce to, tun yaushe ya fara sanin matan Indiya. Ya yi bayanin rumfa da haya da rajista, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce shekara talatin tana zaune da shi bai taɓa yin ƙarya mai tsawo haka ba. Kwana uku miyarsa ba nama.

Duk wannan bai rage masa komai ba. Akwatin saƙonsa, wanda a da ba mai rubuto masa sai ɗiyarsa Lydia daga Damagaram, ya cika ya batse. Wasu na cewa sunan shafin zai mutu gobe in bai hanzarta ba, wasu na cewa wani ɗan Sin na shirin ƙwace shi. Ummusalma ta ce duk ƙarya ce, ya share. Ya ƙi, ya sa ta buga masa su a takarda, ya huda, ya jera a dosiye, wato fayil, ya rubuta a bayansa da jan bik: Wasiƙun Ƙasashen Waje.

Sai wata rana saƙo ya zo da Faransanci mai kyau, irin wanda shi kansa zai yi alfahari da shi. An ce wani kwamiti ya zaɓe shi Gwarzon Ɗan Kasuwar Afirka ta Yamma a fannin kayan miya, za a karrama shi a Kotonu. Sun san sunansa, sun san shafin, har ƙofa shuɗiya sun ambata. Abin da ya rage kawai ya aiko da hoton katin shaidarsa gaba da baya, da ɗan kuɗin buɗe dosiye. Obadiya, wanda bai taɓa sayar da ko ƙullin tattasai ɗaya ba, ya ga cewa gaskiya ce ta yi halinta. Bai faɗa wa Priscille ba. Ya je wurin Kalli tela aka auna shi kwat ruwan toka, ya ce a bar wuri a ƙirji saboda lambar yabo.

Da ya kai katin siber a ɗauki hotonsa, Ummusalma ta karanta saƙon, ta aje katin a ƙarƙashin tafin hannunta ta ƙi ɗagawa. Ta ce in ya aika musu wannan, gobe akwai wani Obadiya Nomau a wata ƙasa da zai riƙa damfarar mutane da fuskarsa. Ya ce hassada ce. Ta ɗauki wayarta, ta buga sunan shafin a rajistar, ta miƙa masa. Ga shi nan duka, layi bayan layi, har da mai gyaran keke.

"Nan kwamitinka ya san ka, Tonton. Ni ma da na ga dama da na ba ka kyautar gwarzon masunta."

Ya daɗe yana kallo. Kunya ta kama shi, amma ko a cikin kunyar sai da ya lura cewa sunan ya fito daidai, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Ya karɓi katinsa ya fita, ya ce zai yi tunani. Kwat ɗin dai an riga an yanka.

Ran Talata, ranar kasuwa, yana zaune da mutum biyu a benci, sai ga Hajja Yakaka. Ba ta zauna ba. Ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi Madam da yara, sannan ta kwance bakin mayafinta ta aje wani abu a kan tafireta. Sim ɗin waya ne, an karya shi biyu.

Ta ce ita ma an yi ta kiranta da yaren da ba ta ji, ba ta damu ba, tana kashewa. Amma shekaranjiya wani ya kira da Barbarci. Ya kira sunanta da na ubanta, ya tambaya ko ita ce ta gida na uku bayan injin niƙa, sannan ya tambayi buhu nawa suke da shi a ajiye. Ta tambaye shi wane ne, ya ce mai saye ne, layi ya yanke. Tun ranar ba ta kwana gidanta ba, ta kwashe yara ta koma wurin ƙanwarta. Matan sun raba buhunan gida-gida, huɗu daga cikinsu sun ce sun bar ƙungiya. Ta biya siber kafin ta zo, Ummusalma ta nuna mata abin da ke rubuce.

"Mushe, sunana naka ne?"

Obadiya ya buɗe baki zai ce fom ne ya tambaya.

"Na ba ka shi ka rubuta wa puroje," in ji ta. "Ban ba ka ka shanya shi a bakin hanya ba. A Damasak ma haka aka fara. Waya aka yi wa maigidana, aka kira sunansa da na ubansa, aka faɗa masa ƙofar da yake shiga."

Ba ta ƙarasa ba, shi ma bai buƙaci ta ƙarasa ba. Shi ya cika mata fom ɗinta na farko a gindin wannan itacen, shi ya buga a gurbin aure cewa miji ya rasu, bai kuwa tambaye ta yadda aka yi ba, don fom bai tambaya ba. Mutanen benci suka tashi ɗaya bayan ɗaya kamar an kira su. Hajja ta ɗaure mayafinta ta tafi, ta bar masa guntayen sim ɗin.

Ranar bai ƙara buga ko harafi ba. Ya rufe tafireta ya tura kekensa zuwa siber, ya tsaya a bakin ƙofa har Ummusalma ta sallami wanda take yi wa aiki. Bai ce ta yi gaskiya ba, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya ce ta taɓa ɗan akwatin nan. Ta taɓa, aka biya, kafin la'asar rajistar ta daina nuna sunansa da na Hajja, sai sunan wani kamfani da adireshin wata ƙasa mai sanyi. Ya yi ajiyar zuciya ya ce to an gama. Ta ce ba a gama ba. Rajistar ta rufe, amma waɗanda suka kwafe tun farko suna nan da abinsu, suna sayar wa juna, ba kuma wanda zai bi su ya karɓo.

Obadiya ya ce to a canza, a sa sunan ƙarya, a ce wani Abdullatif ne a Agadas. Ta ce shi ma ba ya yiwuwa, in kamfanin ya gano bayanan ƙarya ne yana iya karɓe sunan shafin. Abin da suka yi shi ne suka sa sunan ƙungiya a wurin sunan mutum, suka sa akwatin gidan waya na siber a wurin adireshi, suka buɗe akwatin saƙo na ƙungiya, aka sayi sabon layi da ba ya zama aljihun kowa sai durowar Ummusalma. Ta ce da tun ranar farko aka yi haka, da yanzu kowa na cin tuwonsa da nama. Ashe labarin Jenifa ma ya zaga.

Da ya koma gida ya faɗa wa Priscille komai, har da kwat. Ta yi dariyar kwat ɗin har ta riƙe ciki, da ya kai kan Hajja ta daina. Ta ce gobe da safe ya kama hanyar Shetimari, kuma kada ya kuskura ya tafi da takardar ban haƙuri a buge, ya je da bakinsa.

Ya shiga motar kasuwa. A kowane shinge sojoji suka karɓi katinsa suka duba, shi kuma a karon farko a rayuwarsa ya ji yana son ya tambayi mutum inda zai kai abin da ya karanta. Bai tambaya ba, yana da sauran hankali. Ya sami matan a rumfar inji, ana niƙa. Hajja ta ce masa bismilla, ta nuna masa wani buhu daidai bakin injin, inda garin tattasai ke tashi. Su duk sun naɗe hanci da baki da mayafi, shi ba a ba shi komai ba. Ya fara jawabin da ya shirya a mota, bai kai jimla ta biyu ba atishawa ta kama shi. Ya yi ta, ya yi ta, hawaye na zuba, majina na zuba, tabarau ya faɗi cikin buhu. Ba wadda ta ce ya matsa. Sai da ya yi kusan rabin awa a haka wata tsohuwa ta ce da Barbarci, a bar shi haka, ko a zaman makoki ba ta ga namiji ya yi kuka irin wannan ba. Hajja ta sa aka kashe inji, aka kawo masa ruwa.

Ta ce ta yafe, amma da sharaɗi. Daga yau duk takardar da za a sa sunan wata a cikinsu, sai ya karanta mata gurbi-gurbi, ya faɗa mata wanda zai gani, in ta ce a bar wuri fanko a bar shi. Sabuwar lambarta kuma ba za ta ba shi ba, in yana nemanta ya aiko da saƙo ta direban motar kasuwa. Ya yarda da duka, da muryar da ta dushe.

Wanda ya yi kiran nan da Barbarci ba a taɓa sanin ko wane ne ba. Wasu sun ce wani dillalin Gaidam ne da katin wayarsa ya ƙare, wasu sun ce ba haka ba ne. Ba wanda ya zo. Hajja ta yi wata biyu a gidan ƙanwarta kafin ta koma nata, mata uku cikin huɗun suka dawo ƙungiya. Bayan ƴan watanni Ummusalma ta gaya wa Obadiya cewa Turawa sun yi wata dokar kare bayanan mutane, kamfanoni da yawa sun fara rufe rajistar da kansu ba sai an roƙa ba. Ya ce Turawa kullum sai an gama biki suke zuwa da ganga. Shafin kuwa ya yi shekara biyu, ya kawo mai saye ɗaya tak, wata mai gidan abinci a Yamai. Da puroje ya tashi ba wanda ya sabunta hayar, matan suka ci gaba da sayar da tattasainsu ga dillalan da suka saba. Kwat ɗin ya sa shi a bikin Lydia, kowa ya ce ya yi masa kyau sai dai ƙirjin ya yi yawa.

Obadiya ya sayi sabon layi, amma tsohon layin bai iya karya shi ba, shekara goma sha biyar yana tare da shi. Ya bar shi a wata tsohuwar waya a kan tebur, tana ta ƙara yana ƙyale ta. A lokacin akwai wani dattijo, Maina, tsohon maigadi da matarsa ta rasu, ƴaƴansa suna Libiya ba sa kira. Ya kan zo ya zauna a ƙarshen benci don inuwa. Wata rana wayar ta dame shi, ya ɗauka. Na can ya fara Turancinsa, Maina ya amsa da Barbarci, ya tambaye shi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa ko ya sauka a wajensu, sannan ya shiga ba shi labarin ciwon gwiwarsa tun daga farinsa. Minti ashirin aka yi kafin na can ya gudu. Maina ya aje waya fuskarsa a sake, ya ce yaron yana da ladabi, bai katse shi ba sai sau uku.

Daga nan aikin ya zama nasa. Kullum da hantsi sai ya zo ya zauna kusa da wayar, ya ɗora sandarsa a cinya. Ya ba mutanen Indiya labarin ambaliyar Komadugu, ya koya wa wata mata yadda ake gane kifin da ya kwana, ya yi wa wani faɗa kan rashin kiran iyaye. Masu jiran layi suka daina ƙorafin jira. A hankali kiran ya ragu, daga biyar a yini ya koma ɗaya, ya koma ɗaya a mako, har aka yi wata guda wayar ba ta motsa ba.

Maina ya jure iya jurewa, ran nan ya ce wa Obadiya ya kai shi wurin yarinyar nan mai kwamfuta, a rubuta sunansa da lambarsa a wannan rajista, shi ba ya tsoron kowa, gidansa ma ba ƙofa. Obadiya ya ce ko an rubuta yanzu rufewa ake yi, ba mai gani. Tsohon ya dubi wayar ya yi tsaki, ya ce zamani ya lalace, ɓarayi ma sun daina zumunci. Ya jawo sandarsa ya tafi masallaci, ya ce in sun kira a ce musu yana dawowa bayan azahar.